Malam Edita, a taya ni faɗa wa jama'a: tsakar gida ma ta isa a motsa jiki

Assalamu alaikum Malam Edita. Ya aiki, ya jama'a, ya ƙoƙari? Allah ya yi jagora. Dan Allah ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana da 'yan uwana masu karatu, musamman waɗanda suka ba 40 baya irina, a kan maganar motsa jiki. Tun farko bari in faɗa, ni ba likita ba ne, ɗan kasuwa ne, atamfa da shadda nake sayarwa a Kantin Kwari yau shekara 22. Abin da zan faɗa abu ne da ya same ni a jikina, sai abin da likita ya gaya min, sai ɗan abin da na bi diddigi na karanta bayan tsoro ya kama ni.

Bara da damina wani kwastoma ya zo daga Maraɗi zai ɗau kaya, yaran shago duk na aike su, sai na ce bari in hau sito da kaina in dubo masa kalar da yake so. Siton namu a hawa na biyu yake. Wallahi Malam Edita ban ɗauki komai ba, hannu Rabbana na hau, amma kafin in kai sama sai da na dafa bango sau biyu, zuciyata tana bugawa har cikin kunnena nake jin ta, gumi ya jiƙe min riga sharkaf, na fi minti 5 zaune kan dila ina haki kafin hannuna ya iya zura mukulli. Matakalar nan fa lokacin ina yaron shago da dila a kaina nake hawanta, wataran har da ɗan gudu. A zaunen nan ba komai ya faɗo min a rai ba sai abokan kasuwancinmu da aka wayi gari ɓarin jikinsu ya shanye, ga yara ƙanana ga bashin mutane, kowa yana cewa jiya-jiyan nan muke tare lafiya lau. Da yamma na tsaya a wani kyamis aka gwada ni aka ce 160 a kan 100, mai kyamis ɗin Allah ya saka masa ya ce ba zai ba ni ko ƙwaya ɗaya ba, in tafi asibiti. A asibiti aka sake awon a ranaku daban-daban, likita ya ce in dai ana ta samun 140 a kan 90 ko sama da haka to hawan jini ne, ya ɗora ni kan magani.

Amma tambayar da ya yi min ita ta fi maganin tsaya min a rai. Cewa ya yi, Alhaji a wuni awa nawa kake yi a zaune? Na buɗe baki zan ce ai ni kullum cikin zirga-zirga nake, sai na tsaya na lissafa. In na dawo daga sallar asuba komawa barci nake, in tashi in sha shayi da biredi da ƙwai, in shiga mota, in sauka a bakin layi, in zauna kan benci tun 9 na safe har kusan magariba. Abinci yaro ke kawowa, ruwan alwala yaro ke kawowa, canji yaro ke nemowa, masallaci taku kaɗan ne daga shago. In koma gida in ci tuwo, in fita majalisa in sake zama, in dawo in kwanta da waya a hannu. Gajiyar da nake ji da dare ta surutu ce da lissafi da ciniki, jikin kansa bai yi aikin komai ba.

Kuma ba ni kaɗai ba ne, ka leƙa kasuwanninmu da ofisoshinmu da shagunan teloli da masu a-daidaita-sahu, duk zaman ne. Mahaifina Allah ya jiƙansa har ya tsufa bai san wani abu wai shi motsa jiki ba, saboda rayuwar ce take motsa shi, ga huɗa ga noma ga girbi, ga tafiya cin kasuwar ƙauye da ƙafa. Mahaifiyarmu kuma kafin rana ta take ta yi surfe ta yi daka, ta ja guga a rijiya ya fi a ƙirga, ta durƙusa kan dutsen niƙa. Yau ga inji ga famfo ga 'yan garuwa ga gas, kuma alhamdulillahi ni'ima ce, ba wanda zai so a koma waccan wahalar, ni dai ba zan so matata ta koma niƙa a dutse ba. Abin da ban lura da shi ba sai da ciwo ya zo shi ne aikin ya tafi amma kwanon bai ragu ba. Malmalar tuwon da mai huɗa yake ci ita muke ci, har mun ƙara da lemon kwalba da soye-soye, alhali mu a benci muka wuni. Tun da a-daidaita-sahu ta shigo Kano a 2005 kuwa, tafiyar da ba ta kai ta minti 10 ba sai ka ga mutum ya tsaya bakin titi yana ɗaga hannu, sai da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin mota ya yi tsada sannan wasu suka dawo taka sayyadarsu, shi ma ba da son rai ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da alƙaluma a 2024 cewa kusan kashi 31 cikin 100 na manya a duniya, wato mutum wajen biliyan 1.8, ba sa motsa jiki gwargwadon yadda ake buƙata, kuma mata sun fi maza yawa a ciki. Gwargwadon da suke nufi kuwa ba wani abin tashin hankali ba ne. A ƙa'idojin da suka fitar a 2020 sun ce babba ya samu minti 150 zuwa 300 a sati na motsi matsakaici, kamar tafiya da sauri, sannan ya yi abin da zai ƙarfafa tsokar jiki aƙalla kwana 2 a sati. Minti 150 in ka raba ai minti 30 ne sau 5. Kuma sun ce ba dole sai a haɗe ba, in ka yi 10 da safe, 10 da rana, 10 bayan isha'i duk an lissafa maka.

To ni da farko ban bi wannan ba, zafin tsoro ya sa na yi gaggawa. Na sayi kambas da wando, na bi wasu samari suna sassarfa da sassafe, mutumin da ya shekara 15 bai yi gudu ba. Kwana 3 na yi, gwiwata ta dama ta kumbura, sallah ma sai a zaune na yi ta har kusan sati biyu, daga nan na ajiye komai na ce wannan ba nawa ba ne, wata biyu ban sake ko tunaninsa ba. Ina ba da wannan labarin ne saboda na san da yawa a nan suke faɗuwa, a fara da ƙarfi, jiki ya yi tsami ko a ji rauni, shikenan an bari har abada. Wasu kuma su biya kuɗin jim, wato gidan motsa jiki, na wata uku su je sau huɗu, ga nisa ga kuɗin mai ga kasuwa na jira. Da na koma ganin likita na gaya masa, sai ya ce wa ya ce ka yi gudu? Tafiya na ce maka. Ya haɗa ni da wani ma'aikacin sashen fisiyo, masu gashin nan, shi ya nuna min 'yan abubuwan da nake yi har yau a ɗakina, ba da na'ura ko ɗaya ba.

Tafiyar na fara da minti 10 kacal. In an sallame asuba an gama azkar maimakon in shige gida sai in zagaya ta bayan layi in dawo ta ɗaya ɓangaren. Sati biyu ina haka sannan na mayar 15, na mayar 20, yanzu minti 30 zuwa 35 nake yi kwana 5 a sati. Ma'aunin saurin da aka koya min mai sauƙi ne, ka yi tafiyar da numfashinka zai ɗan ɗaga, kana iya amsa gaisuwa kana iya magana amma ba za ka iya rera karatu ko waƙa ba. In kana iya rerawa to ka ƙara sauri, in maganar ma ta gagara to ka rage. Ranar da aka tashi da ruwa ko ƙurar hunturu ta yi yawa ba na fita, sai in tsaya a tsakar ɗaki ina taka ƙafa ɗaya bayan ɗaya ina ɗaga gwiwa ina kaɗa hannu kamar masu fareti, in haɗa da hawa da sauka a dakalin ƙofar ɗaki, ina sauraren labaran safe a rediyo, kafin a gama labaran na haɗa gumi. Wani ɗana ya sa min manhajar ƙirga taku a waya yana cewa sai na cika 10,000, abin ya so ya karya min gwiwa, daga baya na gano wannan adadin asalinsa tallar wata na'urar ƙirga taku ce da wani kamfani ya fitar a Japan a 1965. Wani bincike da aka yi a Amurka aka wallafa a 2019 kan mata tsofaffi sama da 16,000 ya nuna masu taku wajen 4,400 a rana ma sun fi masu 2,700 tsawon rai, amfanin yana ta ƙaruwa har wajen 7,500. Don haka kowa ya ɗora kan inda yake.

Sai ɓangaren ƙarfin jiki, wanda shi mutanenmu suka fi watsi da shi, an ɗauka na samari ne masu ɗaga ƙarfe suna son ƙwanji. Alhali tsoka tun daga shekara 30 take fara raguwa a hankali in ba a sa ta aiki, shi ya sa za ka ga dattijo tashi daga tabarma sai ya dafa ƙasa ya dafa gwiwa ya kira yaro. Kuma tsokar nan ita ke zuƙe sukarin da ke yawo a jini, in ta yi rauni ciwon suga ya samu ƙofa. Ni Asabar da Talata nake yin nawa, minti 20 ya ishe ni, bayan na ɗan taka na minti 5 jiki ya yi ɗumi. Kujerar roba nake jinginawa da bango don kar ta zame, in zauna in tashi ba tare da na dafa komai ba sau 10, a hankali, duwawu ya taɓa kujera kawai in miƙe. Ranar farko a na 7 cinyata ta fara rawa. Sai in fuskanci bango in dafa shi da tafin hannu biyu in matsa baya kaɗan, in kai ƙirjina kusa da bango in tura in dawo, wato fires-of ɗin da sojoji ke yi a ƙasa amma a tsaye, sai da na yi wata biyu a bango sannan na koma dafa gefen gado, yanzu ina yin 8 a ƙasa. Abin ɗagawa kuwa ban sayi komai ba, lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka robar ruwa babba mai lita ɗaya da rabi kilo ɗaya da rabi ke nan, da su na fara ɗagawa sama da kai, yanzu galan mai lita 5 nake cikawa, in dafa kujera da hannu ɗaya in sunkuya bayana a miƙe in jawo galan ɗin zuwa ƙuguna kamar mai jan guga, sau 10 kowane hannu. Jakar fiya-wata mai guda 20 kilo 10 ce cif, in na rungume ta na zagaya tsakar gida sau uku na san na yi aiki. Na ƙarshe in kwanta rigingine kan darduma in tanƙwashe gwiwa in ɗaga kwankwasona sama in riƙe kaɗan in sauke, wannan shi ya taimaki ciwon bayan da zaman benci ya sa min. In na gama zagaye ɗaya in huta minti biyu in sake na biyu, shikenan.

Akwai wani guda da nake so masu hawan jini su sani, jingina da bango kamar kana zaune kan kujerar da babu ita. Ka manna bayanka da bango ka zame ƙasa kaɗan gwiwa ta ɗan lanƙwashe ka tsaya a haka. A 2023 wata mujallar likitocin wasanni ta Birtaniya ta tattara gwaje-gwaje 270 da aka yi kan mutum sama da 15,000, aka ga irin wannan motsin na tsayawa cak a riƙe yana cikin waɗanda suka fi sauke hawan jini. Ni da daƙiƙa 15 na fara kuma ban sauka ƙasa sosai ba saboda gwiwa. Sharaɗin da mai fisiyon ya yi ta nanata min shi ne kar in kuskura in riƙe numfashi, ko a wannan ko wajen ɗaga galan, saboda riƙe numfashi ana yunƙuri yana harba jini sama a take. Ka dinga ƙirgawa da baki a bayyane, in kana ƙirgawa dole ka yi numfashi.

In na gama sai in yi miƙa, in miƙe bayan cinya da sha-raɓa da kafaɗa da wuya, kowanne in riƙe kamar daƙiƙa 20 ba fizga. Tsamin jiki kwana ɗaya ko biyu bayan an fara ba komai ba ne, yana wucewa, amma zafi mai suka a cikin gaɓa ko kumburi wannan jiki ne yake cewa a dakata.

Hajiyarmu ta haura 70, kuma abin da ya fi ba ni tsoro a kanta shi ne faɗuwa, duk mun san tsohuwar da santsin banɗaki ya kayar ƙugu ya karye daga nan ba ta sake tashi ba. Hukumar Lafiyar ta ce waɗanda suka kai 65 su riƙa yin abin da zai ƙarfafa tsayuwarsu kwana 3 a sati. Da na kawo mata maganar cewa ta yi in rabu da ita, ita da ta yi daka shekara 40 me zan koya mata. Sai na haɗa ta da jikarta, kullum bayan la'asar su dafa bango su ɗaga ƙafa ɗaya suna ƙirga goma, su zauna su tashi a kujera sau 5, su taka daga ƙofar ɗaki zuwa zaure su dawo. Yanzu ita ke aika a kira yarinyar in ta makara. Mu da muke cewa Hajiya zauna kar ki taɓa komai, an gama miki, muna ganin gata muke yi musu, wallahi wani gatan yana kwantar da tsoho da wuri.

Malam Edita inda na fi so a ji ni shi ne maganar matanmu. Namiji ko ba komai yana fita masallaci sau biyar yana zuwa kasuwa, amma mace sai ta yi sati ba ta taka ta wuce zaure ba, ga haihuwa kusa-kusa, ga tsayuwar kicin, ga ciwon baya da gwiwa tun tana 35. In ka yi magana a ce ai aikin gida ma motsa jiki ne. Wani e, shara da wanki da hannu da goge ɗaki suna cikin lissafi, amma tsayuwa kan tukunya gajiyarwa kawai take ba ta sa zuciya aiki. Ga kuma al'adarmu ta ganin ƙiba alamar hutu ce, in amarya ta yi jiki a ce ta samu wuri, in ta rame a ce miji ba ya riƙe ta da kyau, har ta kai 'yan mata na shan ƙwayoyin nan da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda wasunsu magunguna ne masu ƙarfi na asibiti da ke kumbura fuska su tayar da suga da hawan jini. Can gefe kuma ga masu tallar shayin rage tumbi da bel ɗin ɗaure ciki a waya, mace ta tara kuɗin adashinta ta saya, shayin ya sa ta gudawa da fitsari ta ga sikeli ya sauka ta yi murna, ruwan jikinta ne ya fita, kitsen yana nan. Maiɗakina haihuwarta 5, da na fara nawa kallona kawai take, wata rana na ce zo ki gwada na kujerar nan, ta yi 6 ta zauna tana dariya. Yanzu ita da maƙwabciyarta bayan yara sun tafi makaranta suna rufe ƙofa su zagaya tsakar gida minti 20 suna hira, su yi na bango da na robar ruwa, wataran su sa 'yan matan gidan su yi gaɗa su shiga ciki, ba wanda ya gan su ba hijabin da aka cire a waje ba ko kwabo da aka kashe. Mai ciki ma an ce tafiya tana da amfani gare ta in babu matsala, sai dai ta tambaya a wajen awo, wadda aka yi wa tiyatar haihuwa kuma ta jira sai likita ya ba ta izini. Ina roƙon magidanta mu daina yi musu dariya ko mu ce wannan fi'ili ne. A hadisin da Abu Dawud ya ruwaito Manzon Allah (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha ta wuce shi, bayan wani lokaci da ta yi jiki suka sake ya wuce ta, ya ce wannan ramuwar waccan ce. In shugaban halitta ya yi tsere da iyalinsa, mu wace kunya ce za ta hana mu tafiya tare da namu a cikin gidanmu?

Kunyar nan kuwa ita ce babbar matsalar, ba rashin lokaci ba. Satin farko da aka fara ganina ina zagaye da asuba, a majalisa wani ya ce Alhaji ko soja za ka shiga, wani ya ja ni gefe cikin tausayi ya tambaye ni ko motar ce na sayar, da na fara faɗawa kuma sai ga masu cewa ko dai wani ciwon ne yake cin ka. Raina ya sosu ba zan ɓoye ba, akwai safiyar da na tsaya a zaure na kusa komawa ciki. Abin da ya riƙe ni shi ne tunawa da zaman da na yi kan dilar nan ina haki, babu ɗaya daga cikin masu maganar da zai ɗauke min jinya ko ya biya wa 'ya'yana kuɗin makaranta. Kuma a Sahihu Muslim an ce mumini mai ƙarfi ya fi alheri kuma ya fi soyuwa ga Allah a kan mumini mai rauni, duk da kowannensu akwai alheri. Yau mutum biyu daga majalisar tamu tare muke zagayen, ɗaya ma shi ke ƙwanƙwasa min ƙofa.

Maganar tumbi kuma gaskiya ɗaya ce, kwanciya ana tashi ana naɗe ciki sau 100 ba ya narkar da kitsen ciki, jiki ba ya zaɓar inda zai rage, sai an haɗa da gyaran kwano. Ni ban daina cin tuwo ba kuma ba zan daina ba, malmala biyu ce ta koma ɗaya miya ta ƙaru, na ƙara zogale da rama da wake da kabeji, lemon kwalba ya koma sai an yi biki, sukarin shayi daga cokali 4 ya koma 1. Gishiri an ce kar ya wuce giram 5 a wuni, kimanin ƙaramin cokali ɗaya, kuma da na cikin dunƙulen magi ake lissafin, wannan sai da muka zauna da uwargida muka yi shawara aka dinga ragewa kaɗan-kaɗan yadda yara ba su ma gane ba. In kana son ka san inda kake ba sai ka sayi sikeli ba, ka samu igiya ka auna tsawonka ka yanke, ka ninka ta biyu ka zagaya cikinka da ita daidai saman cibiya kaɗan, in ba ta haɗu ba to tumbin ya wuce ƙa'ida. Hukumar da ke tsara wa likitocin Ingila ƙa'idojin aiki ita ta ba da wannan shawarar a 2022, cewa zagayen ciki kar ya kai rabin tsawon mutum. Tawa igiyar da saura kafin ta haɗu, amma tazarar da ta fi tafin hannu yanzu ta koma yatsu uku.

Dan Allah mai hawan jini ko suga ko ciwon zuciya ko asma ya fara ganin likita kafin ya soma, kuma kar wanda ya ajiye maganinsa don ya fara tafiya, ni har yau ina shan nawa kullum, likita ne kaɗai zai ce a rage. In kana cikin yi ka ji ƙirji ya riƙe ko jiri ko numfashi ya sarƙe ba kamar yadda ka saba ba, tsaya nan take a kai ka asibiti. Mai suga da ke allura ya sa dabino ko alewa a aljihu saboda sugan na iya faɗuwa. Lokacin bazara da zafin Kano ke haura digiri 40 kar a yi da rana, asuba ko bayan magariba, a sha ruwa sosai. Da azumi ni bayan tarawihi nake ɗan takawa, na galan ɗin kuma in rage shi zuwa zagaye ɗaya. Akwai lokacin da nake yankewa, kasuwar sallah ta bana sati uku cur ban yi komai ba, da ta lafa sai na koma daga minti 15 na sake hawa, ban ce tunda na karya shikenan ba.

Yau wata 10 ke nan da na sake farawa. Siton nan ina hawansa ba tsayawa, barcina ya gyaru, sujada da tashi daga zaman tahiya ba sai na dafa ƙasa ba, awon jinina da magani yana zama wajen 130 a kan 85, tela ya rage min wuyan wanduna biyu.

Roƙona gare ka Malam Edita, kamar yadda kuke ware shafi na wasanni da na girke-girke, a ware mana ko rabin shafi ne duk sati, a samo likitocin fisiyo da ke asibitocinmu su dinga nuna motsi ɗaya-ɗaya da zane ko hoto, da Hausar da Hajiyarmu za ta gane in an karanta mata, a yi na masu ciwon gwiwa, na masu jego, na direbobi da teloli da masu zaman shago. Limamanmu ma su taɓo maganar a huɗuba ko sau ɗaya ne, in daga mumbari ta fito masu dariya za su yi shiru. Makarantu kuma a dawo wa yara da lokacin wasa, an ce yaro yana buƙatar minti 60 a rana yana guje-guje, yanzu wasu makarantun kuɗin ko filin da za a yi langa babu. In kun fara shafin ni zan dinga yankewa ina mannawa a ƙofar shagona don 'yan layinmu su gani. Na gode da wannan fili, Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka, ya ba marasa lafiyarmu lafiya.

Naku mai karatu kullum,
wani ɗan kasuwar Kantin Kwari, Kano.